Me ya sa Rasha ta daɗe tana musanta cewa 'yan Yukren al'umma ce daban?

Yaushe wannan rikici ya faro?

Wanda ya fara lissafi daga 2022, lokacin da Rasha ta ƙaddamar da babban yaƙi kan Yukren, ko ma daga 2014, lokacin da ta mamaye yankin Kirimiya, ya tsinci zancen ne daga tsakiya. Tun kafin Mosko ta zama wani abu akwai daular Rus mai hedikwata a Kyiv, inda Sarki Volodymyr ya karɓi addinin Kirista a 988. Sunan Mosko kuwa sai a 1147 ya fara fitowa a rubutaccen tarihi. Da Mongolawa suka rusa Kyiv a 1240, hanyoyi suka rabu: yawancin ƙasar Yukren ta koma hannun Lituwaniya da Polan, Mosko ta ƙasaita a arewa maso gabas. Da ta ji ƙarfi sai ta ce gadon Rus duka nata ne. Nan tushen yake.

To yaya Yukren ta shiga hannun Mosko?

A 1654 shugaban Kosak (mayaƙan ƙasar Yukren masu mulkin kansu), Bohdan Khmelnytsky, yana fama da Polan, sai ya ƙulla yarjejeniya da sarkin Mosko a garin Pereyaslav. Kosak sun ɗauke ta a matsayin neman kariya, Mosko ta ɗauke ta a matsayin mubaya'a ta har abada. Da wani shugabansu, Ivan Mazepa, ya juya ya haɗa kai da Siwidin, sojojin Sarki Peter na Rasha suka ƙone babban garinsa, Baturyn, a 1708, suka karkashe mazaunansa. Sarauniya Catherine ta ƙarasa aikin: ta soke sarautar Kosak a 1764, ta rusa sansaninsu na Zaporizhzhia a 1775, ta haɗiye Kirimiya a 1783. A takardun hukuma ƙasar ta zama "Ƙaramar Rasha".

Me ya haɗa daula da harshen mutane?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi taɓa ni. Mai ƙwatar gona yakan bar mai ita da sunansa, amma nan so aka yi mutum ya yarda cewa shi ma babu shi. A 1863 ministan cikin gida, Pyotr Valuev, ya fitar da umarnin hana buga littattafan addini da na makaranta da harshen Yukren, kuma a cikin takardar aka rubuta cewa wannan harshe bai taɓa wanzuwa ba, babu shi, ba kuma zai wanzu ba. Abin da babu shi, ina dalilin yi masa doka? A 1876 Sarki Alexander na Biyu ya ƙara tsanantawa da dokar Ems, wadda ta hana shigo da littattafai daga waje, ta hana wasan kwaikwayo da harshen. Haka aka zauna har 1905. Tun kafin nan, a 1847, an kama babban mawaƙinsu Taras Shevchenko aka tura shi aikin soja a ƙasa mai nisa, Sarki Nicholas da kansa ya ƙara cewa kada a bar shi ya yi rubutu ko zane.

Zamanin Sobiyet bai canja lamarin ba?

Da farko kamar zai canja. Bayan da 'yan Bolshevik, 'yan kwaminisancin da suka ƙwace mulki a Rasha, suka murƙushe jamhuriyar Yukren da ta ayyana 'yancin kanta a 1918, sun bar harshen ya yi numfashi a makarantu da jaridu. Shugaban Sobiyet, Stalin, shi ne ya juya akalar. A 1932 da 1933 hukuma ta kwashe hatsin manoma, aka kafa dokar da za ta iya kai mutum gidan yari ko kisa don ya tsinci zangarniyar alkama a gonar gwamnati, sannan aka hana ƙauyawa fita neman abinci. A ƙasar da ke cikin mafiya albarkar noma a Turai, mutane kusan miliyan 4 yunwa ta kashe. Holodomor suke kiran wannan masifa. A daidai lokacin aka bi marubuta da malamai da kamu da harbi, har harafin "ґ", wanda Rashanci ba shi da shi, aka cire daga baƙaƙensu a 1933, bai dawo ba sai 1990. A 1944 kuma aka loda Tatar na Kirimiya, waɗanda Musulmi ne, kusan mutum 190,000, cikin taragon jirgin ƙasa zuwa tsakiyar Asiya.

Ba faɗaɗar ƙungiyar tsaro ta NATO ce ta jawo yaƙin ba?

Mosko na faɗin haka, kuma batun ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Sai dai babu NATO a 1863, babu ita a 1933. Kuma a Yulin 2021 Putin ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce. Maganar Valuev ce ta dawo da sabuwar riga.

Su 'yan Yukren me suka ce?

An tambaye su ranar 1 ga Disamba, 1991. Sama da kashi 90 cikin 100 suka zaɓi 'yancin kai, kuma ko a Kirimiya da Donetsk masu goyon baya ne suka yi rinjaye. A 1994 suka amince da miƙa makaman nukiliyar da suka gada, Rasha ta sa hannu a Budapest cewa za ta mutunta iyakokinsu. Shekara 20 bayan haka sojojinta suka mamaye Kirimiya.