Ƙuri'ar NBA: yadda ake rabon sabbin 'yan wasa

Wanda ya saba da Firimiya ya san makomar ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi: sai rukunin 'yan dagaji. A gasar ƙwallon kwando ta NBA da ke Amurka babu wannan. Ƙungiyoyi 30 ne, su ne kullum. Wadda ta fi shan kashi ma tukuici take samu, wato damar shiga sahun gaba wajen zaɓen sabbin 'yan wasa da aka saba yi a watan Yuni. Shi ya sa a watan Maris za ka ga ana lallasa ƙungiya amma magoya bayanta ko a jikinsu, hankalinsu na kan wani yaro ɗan shekara 19 da suke fatan ya tsamo su.

Sai dai doka ba ta yi wa kowa alkawarin yaron ba.

A tsarin da aka soma a 2019, ƙungiyoyi 14 da suka kasa kaiwa zagayen neman kofi su ke shiga ƙuri'a. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba 1 zuwa 14 cikin na'ura, a ɗakin da aka kulle, wakilan ƙungiyoyi na zaune an karɓe musu wayoyi. Sai a zaro huɗu. Haɗin lambobin da zai iya fitowa guda 1,001 ne. An raba wa ƙungiyoyi 1,000, wadda haɗinta ya fito ita ke samun gurbin, ɗayan da ya rage idan ya fito sai a sake. A wannan tsarin, ƙungiyoyi uku mafiya rauni kowace na da haɗi 140, kashi 14 cikin ɗari ke nan na samun zaɓin farko. Gurbi huɗu na farko kaɗai ake jefa wa ƙuri'a, sauran a jera su daga mai rauni zuwa mai dama-dama. Don haka ta ƙarshe a teburi, komai rashin sa'arta, ba za ta wuce ta biyar ba.

'Yan Detroit Pistons sun ɗanɗana wannan na biyar ɗin. A kakar da ta ƙare a 2023 wasa 17 suka ci cikin 82, babu wanda ya kai su lalacewa, kuma shekarar ce ta Victor Wembanyama, dogon yaron nan ɗan Faransa. San Antonio Spurs ta yi gaba da shi, Detroit ta tashi ta biyar. Shekara ta zagayo suka ci 14 kacal, suka sake tashi na biyar, Atlanta mai kashi 3 ta zo ta ɗaya. A 2025 kuwa Dallas ce, da kashi 1.8, ta ɗauke Cooper Flagg, 'yan watanni bayan ta sallama wa Lakers tauraronta Luka Doncic. Ranar masu zargin maguɗi sun samu abin faɗa.

Da gangan aka tsara abin haka, don maganin masu faɗuwa da gangan. A 1984 an zargi Houston da sakin wasanni don ta samu zaɓin farko, wanda a lokacin da jefa kwabo ake yanke shi. Ta kuwa samu, ta ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas. Shekara ɗaya bayan nan aka kawo ƙuri'a. Da Philadelphia ta mayar da shan kashi sana'a, har ta ci wasa 10 tak a kakar 2015 zuwa 2016, sai aka zaftare kason ta ƙarshe daga 25 zuwa 14. A ganina gyaran ya rage ribar abin ne kawai, bai kashe kwaɗayin ba.

Shi yaron, sai ya cika 19 a shekarar zaɓen, idan kuma a Amurka ya yi sakandare sai ya shekara da gamawa. Wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen ba ya cinikin albashi yadda ya ga dama, akwai ma'auni gwargwadon gurbinsa, kuma ba a wuce kashi 120 na ma'aunin. Kwantiraginsa shekara biyu ne tabbatattu, da wasu biyu da ƙungiya ke da zaɓin ƙarawa. Nan ne romon yake ga mai sake gini: shekara huɗu tauraro na hannunka da araha, rarar kuɗin ka nemo masa mataimaka.

In ba a nemo su ba, yaro ɗaya ba ya ɗaga ƙungiya. Spurs ta ci wasa 22 kafin zuwan Wembanyama, a kakarsa ta farko ma 22 ɗin ta ci. Houston kuwa sai 1994 ta ɗaga kofi da Olajuwon, shekara goma cif bayan jefa kwabon nan.