Wane Harshe Ɗalibin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa Zai Ɗauka?

Ashe Turanci bai isa ba?

Zai kai ka ga digiri, amma wajen neman aiki mai harshe biyu ake fara dubawa. Majalisar Ɗinkin Duniya harsuna shida ta amince da su: Turanci, Faransanci, Larabci, Sinanci, Rashanci da Sifaniyanci. Sai dai aikin yau da kullum a sakatariyarta da Turanci da Faransanci ake yin sa.

To wanne zan ɗauka?

Fara da tambayar kanka inda kake son yin aiki. In a yankinmu ne, ni dai Faransanci zan ce. Duk maƙwabtan Najeriya huɗu, wato Nijar, Benin, Chadi da Kamaru, da shi ofisoshin gwamnatinsu ke aiki. Ko da Nijar ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci cikin harsunan aiki. Ƙungiyar ECOWAS ma, da hedikwatarta ke nan Abuja, da Turanci, Faransanci da harshen Fotugal take rubuta takardunta. Ga sauƙin samun malami: akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Kano, akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci a Badagry.

Na yi Islamiyya. Ba gara in ci gaba da Larabci ba?

Ai ka riga wasu nisa. Wanda ya sha nahawu da sarfu ya haye wurin da Bature ke shan wuya. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta mai jin Turanci na buƙatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Larabci, alhali Faransanci bai kai awa 800 ba. Amma fa Larabcin littafin fiƙihu daban, na taron ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a Jidda daban. Sai ka lizimci jaridu da labaran rediyo har kalmomin siyasa da tattalin arziki su zauna maka a baki.

Sinanci fa, tunda ana cewa shi ne na gobe?

Yana da riba, ganin yadda kamfanonin Sin suka shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna. Shi ma dai awa 2,200 ɗin ne, ga dubban haruffa. Kwas biyu a jami'a gaisuwa kawai za su koya maka. In ba ka da hanyar zuwa Sin ka zauna ko da shekara guda, ka sake shawara.

In haɗa biyu lokaci guda?

A'a, taura biyu ba ta taunuwa. Riƙe ɗaya har ka iya rubuta rahoto da shi, ka zana jarrabawar DELF ta Faransanci ko HSK ta Sinanci don samun shaida, sannan ka waiwayi na biyu.