Sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta

Sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta hanya ce ta warware shari'ar laifi inda ake zaunar da ɓangarorin biyu gaban mai shiga tsakani. Wanda aka cuta ya faɗi ɓarnar da aka yi masa, mai laifi ya amsa, sannan su daidaita kan yadda zai biya: da kuɗi, da mayar da kaya, ko da aiki. Kotu kan karɓi yarjejeniyar a maimakon ɗauri, ko ta sassauta hukunci saboda ita. Sharaɗinsa shi ne mai laifi ya amsa laifinsa, kuma kowa ya zo da yardarsa.

Tsarin na zamani ana danganta shi da garin Elmira na lardin Ontario a Kanada. A 1974 wasu samari biyu suka bugu suka lalata dukiyar mutane 22 cikin dare ɗaya. Jami'in kotu Mark Yantzi ya ba alƙali shawara a sa su fuskanci mutanen. Suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suka ji asarar kowa, suka biya. A 1978 aka fara irinsa a Elkhart ta jihar Indiana a Amurka, kuma dokar New Zealand ta 1989 ta sa taron iyali, inda yaron da ya yi laifi da danginsa ke zama da wanda aka cuta, ya zama ginshiƙin shari'ar yara.

Asalin tunanin ya girmi Elmira nesa ba kusa ba. A shari'ar Musulunci dangin wanda aka kashe suna da ikon yafe ƙisasi su karɓi diyya, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta nuna. A ƙasar Hausa kuma rigimar sata ko ɓarnar gona ta kan mutu a zauren mai unguwa ko dagaci. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya ta 2019 ta sa sulhu cikin hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba, abin da ya dace da ƙasar da galibin fursunoninta jiran shari'a suke yi.

Tsarin yana da rauni inda ƙarfi bai zo ɗaya ba. Matar da miji ya doka, dangi na iya matsa mata ta ce ta yafe alhali ba ta yafe ba, shi ya sa ƙasashe da dama ke taƙaita shi a irin waɗannan laifuka. Mai hali kuma yakan biya nan take, talaka ya kasa ya koma gaban alƙali.