Waiwaye: Yadda Tsiron Bitu Ya Mamaye Tuddan Rairayin Gabashin Ostireliya

Tsiron da ake kira bitu ɗan asalin gaɓar tekun Afirka ta Kudu ne, mai kaurin ganye da fure rawaya, kuma a can gida bai taɓa zama abin damuwa ba, domin ƙwari da cututtukan da suka saba da shi suna rage masa ƙarfi. An fara ganinsa a Ostireliya a shekarar 1908 a Stockton, kusa da tashar jiragen ruwa ta Newcastle a jihar New South Wales, kuma ana kyautata zaton irinsa ya iso ne cikin ƙasar da jiragen ruwa ke lodawa don daidaita nauyi, su zubar idan sun sauka.

Da a nan aka tsaya, da wataƙila bai wuce 'yan wurare ba. Amma daga 1946 zuwa 1968 hukumar kiyaye ƙasa ta jihar da kanta ta riƙa shuka shi a bakin teku domin kafe rairayin da iska ke turawa kan hanyoyi da gidaje, aka kuma yi amfani da shi wajen rufe wuraren da kamfanoni suka haƙe rairayi suna neman ma'adinai. Ba za a ce masu wannan aiki sun yi wauta ba, don kuwa rairayin ya kafu kamar yadda suke so. Abin da ba su lissafa ba shi ne cewa tushe ɗaya da ya girma yana iya zubar da iri kusan 50,000 a shekara, tsuntsaye da yanyawa kuma suna cin 'ya'yansa su kai irin nesa da inda aka shuka shi. A binciken 1982 an same shi a kimanin kilomita 660 na gaɓar jihar, zuwa 2001 kuwa ya kai kusan kilomita 900, wato kashi 80 cikin ɗari.

Ɓarnarsa ba ta saurin bayyana ga mai wucewa, tunda tudu yana nan kore shar. Sai an duba ƙarƙashinsa ake gane cewa inuwarsa ta hana ƙananan itatuwan ƙasar tsirowa, ta yadda idan manyan suka tsufa suka mutu babu masu maye gurbinsu. A 1999 aka sanya shi cikin jerin miyagun tsirrai da suka shafi ƙasa baki ɗaya, shirin da jihar ta fitar a 2006 kuma ya lissafa nau'o'in tsirran gida fiye da 150 da ke cikin haɗari saboda shi.

Wajen yaƙarsa an bi hanyoyi da dama. An koma Afirka ta Kudu an ɗauko abokan gabansa: wani asu da tsutsarsa ke cin kan toho a 1989, sai wani ƙuda mai lalata iri a 1996. Dukansu sun zauna sun yaɗu, sun rage yawan irin, amma ba su kashe tsiron ba. Dabarar da ta fi tasiri ita ce feshi da jirgi mai saukar ungulu a lokacin hunturu da magani kaɗan, saboda an lura cewa a wannan lokaci bitu na cikin girma yana shan maganin, yawancin tsirran gida kuwa suna jurewa. Inda jirgi bai dace ba, ƙungiyoyin sa kai ne ke tuge shi da hannu.

A ganina, sauyin da ya fi muhimmanci shi ne na tunani. Shirin 2006 ya daina auna nasara da faɗin filin da aka share, ya koma zaɓen wuraren da tsirran gida masu ƙaranci suke, a zuba kuɗi da ƙarfi a can, ana kuma tsare iyakokin arewa da kudu na yankin da bitu ya mamaye don kada ya ƙara gaba. Dalili kuwa shi ne feshi ɗaya ba ya wadatarwa: irin da ke kwance cikin rairayi yana tsirowa da yawa bayan feshi ko gobara, kuma filin da aka share aka bari yakan koma hannun wasu baƙin tsirrai irin su lantana, don haka dole a riƙa komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara har tsirran gida su rufe shi.