Da'irar Lantarki

Da'irar lantarki ita ce rufaffiyar hanyar da wutar lantarki ke bi: ta tashi daga tushenta, ta ratsa abin da za ta yi wa aiki, ta koma inda ta fito. Da zarar hanyar ta yanke, wuta ta tsaya. Aikin makunni ke nan, haɗa hanyar ko raba ta. Abin da ke gudana cikin wayar wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira ilektiron. Jan ƙarfe da alminiyam na barinsu su wuce cikin sauƙi, roba kuwa tana tare su, shi ya sa ake lulluɓe waya da ita.

Abu uku ake aunawa. Ƙarfin turi ana auna shi da bolt, yawan wutar da ke gudana da amfiya, turjiyar da take gamuwa da ita kuma da om. Bajamushe Georg Ohm ne ya bayyana alaƙarsu a 1827: idan aka raba bolt da om, sai a sami amfiya. Idan kuma aka ninka bolt da amfiya, an sami wat, ma'aunin ƙarfin aikin da wutar ke yi. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 na gidajen Najeriya yana jan amfiya huɗu da 'yan kai. A tocila, jera batir ake yi kai da gindi, biyu masu bolt 1.5 su ba da 3. A gida kuwa kowane ƙwai da soket yana da nasa reshe, don haka mutuwar ƙwai ɗaya ba ta kashe sauran.

Lantarki da maganaɗisu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya lura cewa waya mai ɗauke da wuta tana karkatar da allurar kamfas. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna akasin haka: maganaɗisu mai motsi kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da wuta a cikinta. A kan wannan aka gina kowane janareta, daga ƙaramin na mai shagon aski a Bauchi har injinan madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan Kogin Gongola a Jihar Gombe, masu ƙarfin megawat 40, wato wat miliyan 40. Bambancin kawai abin da ke juya injin: fetur a shagon, ruwa a madatsar. Wutar da ke fitowa tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda, ba kamar ta batir ba mai bin hanya ɗaya.

Wannan kai da komon ne ke sa taransifoma aiki, wato na'urar da ke ɗaga turin wuta ko ta sauko da shi. Zafin da ke salwanta a waya yana ninkuwa huɗu idan amfiya ta ninku biyu, saboda haka ake ɗaga turin har bolt 330,000 a manyan layuka domin amfiya ta ragu, sannan a sauko da shi mataki-mataki kafin ya shiga unguwa. Idan jama'a suka ce wuta ba ta da ƙarfi da magariba, bolt ne ya faɗi, galibi don gidajen da ke kan taransifoma guda sun yi mata yawa.

Idan wayoyi biyu tsirara suka haɗu, turjiya ta kusa ɓacewa, amfiya ta yi tashin gwauron zabo. Fiyus siririyar waya ce da aka sa don ta narke kafin wayar gida ta kama da wuta. Masu maye gurbinta da waya mai kauri sun cire wannan kariya ke nan.