Me ake nufi da "tasirin bincike"? Misali daga 'yar ledar abincin tamowa

Duk wanda ya taɓa zama da malaman jami'a a lokacin ƙarin girma ya ji ana cewa binciken wane yana da tasiri, na wane kuwa ƙura kawai yake sha a kanta. To mene ne wannan tasirin, kuma da wane mudu ake auna shi?

A bakin malamai, yawanci lissafi ne. Masani ya wallafa sakamakon aikinsa a mujallar ilimi, wasu masana su kafa hujja da shi a nasu rubutun, sai a ƙirga sau nawa aka ambace shi. Shafuka irin Google Scholar ne ke tara wannan ƙidaya. A 2005 wani masani a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da abin da ake kira ma'aunin h: in kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, ma'auninka 20 ke nan. Ba na raina wannan awo, don yana nuna abokan sana'a sun karanta sun ƙaru. Sai dai a fannin abinci mai gina jiki, ni dai abin da na fi son ji shi ne me ya canza a cikin yaro.

Ga misali. Kafin ƙarshen shekarun 1990, yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu sai an kwantar da shi a asibiti na makonni, ana ba shi madarar F-100. Madarar tana aiki, amma gari ce da ake damawa da ruwa, in ruwan ba tsafta ta zama cuta, in ta jima a ajiye ta lalace. Uwa kuma ta bar gona, ta bar sauran 'ya'ya, ta tare a gefen gado. Da yawa ba sa ma iya zuwa.

André Briend, likitan yara Bafaranshe da ke aiki da cibiyar bincike ta IRD, shi ya yi tunanin a raba abincin da ruwa gaba ɗaya. Ya haɗa kai da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, a 1996 suka fito da Plumpy'Nut: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500. Tunda ba ruwa a ciki, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin zama, ba a dafawa, ba a neman firji. Uwa ta yaga bakin ledar, ta miƙa wa yaro, ya riƙe da hannu biyu yana tsotsa, baki duk maiƙo.

A nan ne haɗin gwiwa ke shigowa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Briend da Lescanne sun haɗa abinci, amma wasu ne suka tabbatar za a iya jinyar yaro da shi a gida: likitoci irin su Steve Collins a Habasha da Mark Manary a Malawi. Da yunwa ta afka wa Nijar a 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, akasarinsu a gidajen iyayensu, Maraɗi ce cibiyar aikin. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da wannan hanya a hukumance. Yanzu har a Yamai ana sarrafa abincin.

Abin bai rasa tabo ba. An daɗe ana sukar haƙƙin mallakar da aka yi wa girkin, cewa ya takura masu son yin irinsa da araha. Kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an ga ledar a kasuwa ana sayar wa manya, alhali rabon wani yaro ne da ƙafafunsa suka kumbura.

Akwai kuma ɗan zaren awon nan mai launi uku da ake ɗaurawa a damtsen yaro, wanda Briend ya daɗe yana kira a dogara da shi. In awon kaurin damtsen ya yi ƙasa da santimita 11.5, ya faɗa ja, yaro yana cikin haɗari. A da, ma'aikatan lafiya kaɗai ke riƙe shi. Sai ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA da takwararta ta Nijar, BEFEN, suka gwada koya wa iyaye mata a Mirriya ta jihar Damagaram, aka ga awonsu bai gaza na ma'aikata ba. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya zaunar da ɗanta a cinya, ta zagaya zaren a damtsensa, in ta ga ja ta goya shi ta kama hanyar asibiti tun bai galabaita ba.