Mene ne iyakar dekin a manhajojin lissafin gini?

Idan injiniya ya ce yana shata iyakar dekin a kwamfuta, yana nufin layin da ya kewaye shimfiɗar kankaren bene, wanda ke shaida wa manhaja inda kankaren ya fara da inda ya ƙare. Revit na kamfanin Autodesk, da ETABS da SAFE na kamfanin CSI da ke Kalifoniya, da ProtaStructure da ake yawan amfani da ita a ofisoshin injiniyoyi a Najeriya, duk sai an ba su wannan layi kafin su san cewa akwai bene a wurin. Manhaja ba ta san falo ko baranda ba. Abin da ta sani shi ne fili da aka kewaye da layi, da kaurin da aka ba shi, da irin kankaren da za a zuba.

A Revit sharaɗin farko shi ne layin ya rufe ruf, wato ya koma daidai inda ya taso, kuma kada layi ya ƙetare layi ko ya hau kan ɗan'uwansa. In an bar ko da 'yar ƙaramar kafa a kusurwa, manhajar ba za ta yarda a kammala ba. Idan kuma aka zana wani rufaffen layi a cikin na farko, sai ta ɗauke shi a matsayin rami, kamar wanda ake bari don matakalar bene ko lifta. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, domin manhajar da kanta take tsayar da mai kuskure.

Inda aikin yake shi ne nauyi. Mita ɗaya ta kowane ɓangare ta kankare tana kai kimanin kilo 2,400, saboda haka dekin mai kaurin milimita 150 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, tun kafin a sa tayil, a ɗora bulo, mutane su shiga da kayansu. Duk wannan nauyi ta bakin iyakar yake sauka kan bim, wato dogon kankaren da ke kwance tsakanin ginshiƙai yana tallafe dekin, daga bim zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi. Shi ya sa nake ganin bai dace a bar shata wannan layi a hannun wanda bai san yadda ginin zai tsaya ba.

Abin da ke rikita masu koyo shi ne kowane bene yana da iyaka biyu. Akwai ta zahiri, wadda kafinta zai bi ya kafa katako, kuma ita tana kaiwa har fuskar waje ta bim. Akwai kuma ta lissafi, wadda galibi take tsayawa a tsakiyar bim, domin a lissafi bim layi ne guda marar faɗi da ya bi ta tsakiyarsa. Idan faɗin bim milimita 230 ne, tazarar da ke tsakanin fuskarsa da tsakiyarsa milimita 115 ce, kuma a allon kwamfuta da ƙyar ido zai gan ta. To, manhaja tana yanyanka dekin zuwa ƙananan gutsattsari kamar raga, kuma nauyi yana wucewa ne kawai ta wuraren da ƙullin ragar ya haɗu da layin bim. In injiniya ya tsayar da iyakar a fuskar ciki ta bim, kuma manhajar ba ta haɗe su da kanta ba, sai ta ɗauki wannan gefen a matsayin wanda ba abin da ya tallafe shi. Lissafi zai iya tafiya ba tare da wani gargaɗi ba, bim ɗin ya fito da rodi kaɗan saboda nauyin bai iso gare shi ba, alhali a wurin gini kankaren dekin da na bim tare za a zuba su.

Siffar iyakar kuma ita ke nuna yadda dekin zai raba kayansa. A ƙa'idar Birtaniya ta lissafin ginin kankare, wato BS 8110, idan tsawon fili ya wuce ninki biyu na faɗinsa, ana ɗaukar cewa nauyin ta gajeren ɓangare yake bi, kuma can ake jera manyan rodi. In bai kai haka ba, kuma bim ya tallafe shi ta gefe huɗu, nauyin yana rabuwa ta ɓangarori biyu. Baranda da ta fito waje ba tare da ginshiƙi ba tana bukatar rodinta a sama, kuma ƙarin faɗi kaɗan yana ƙara mata wahala sosai, tunda ƙarfin lanƙwasa yana ninkuwa sau huɗu idan tsawon ya ninka sau biyu.

Ramuka ma ba a raina su. Ƙa'idar Turai ta Eurocode 2, bugun shekarar 2004, ta ce idan rami ya kusanci ginshiƙi da tazarar da ba ta wuce ninki shida na zurfin dekin zuwa kan rodi ba, dole a rage kewayen da ake lissafa ƙarfin hana ginshiƙi huda dekin da shi. Ramin bututun bayan gida da aka manta ba a zana ba yana iya sauya wannan lissafi, musamman a benen da ya hau kan ginshiƙai kai tsaye ba bim.

Kafin a amince da sakamako, injiniya mai kula yana duba hoton yadda dekin ya lotsa a manhajar, ya ga ko akwai gefen da ya faɗa ƙasa alhali akwai bim a ƙarƙashinsa. Sannan ya ɗauki ɗaki guda ya lissafa nauyinsa da hannu, ya kwatanta da abin da manhajar ta ɗora wa bim ɗin da ke kewaye da shi. Idan alƙaluman suka saɓa, iyakar ce wurin farko da zai koma ya duba.